Mai Sunan Baba

Gidan abincin da nake aiki yana cikin harabar wani gidan mai ne, a bakin babban titin da ya fito daga Kano, ba nisa da inda ake karkatawa zuwa Bagwai. Reshe ne na wani kamfani mai rassa da yawa a birni. Kaza muke soyawa da dankalin turawa, sai shinkafa kala biyu da lemon kwalba. Yawancin masu sayenmu matafiya ne da direbobi, mutanen da ko sun zauna ƙafarsu ɗaya tana cikin mota.

Bayan na gama sakandare na samu aikin, aka ajiye ni a kicin, gaban tukunyar mai. Wanda bai taɓa wuni a gaban tafasasshen mai a cikin bazara ba, don Allah kada ya ba ni shawarar haƙuri. Har yau hannayena akwai ɗigo-ɗigon ƙuna. Kullum sai na wanke hijabina in na koma gida, amma kuliyoyin unguwarmu ba su fasa bina ba.

A kamfanin akwai abin da suke kira tsani. Daga kicin sai kanta, wato teburin gaba inda ake karɓar oda ana miƙa abinci, daga kanta sai shugabancin ma'aikatan yini, daga nan kuma a tura mutum kwas a Kano ya dawo mataimakin manaja. Ba a tsallake mataki. Wanda bai tsaya a kanta ba, ko shekara nawa ya yi yana suya, sunansa mai suya. Ni kuwa ban yi karatun da na yi don in tsufa ina juya cinyar kaza ba.

Sai wadda take aikin kanta ta samu makarantar jinya ta tafi. Gurbi ɗaya ya buɗe, mu biyu aka zaɓa a gwada: ni da abokiyar aikina ta kicin, wata 'yar Bichi mai bakin tsiya da ba ta iya miƙo maka cokali ba tare da ta tsokane ka ba. Manaja ya kira ni gefe ya ce, "Ke aiki kin iya. Bakinki ne matsalarki." Na ce masa na sani. Ya ce, "Kin gani ko."

Mai horarwar da kamfani ya turo mace ce, Hajiya muke ce mata. Asalin iyayenta mutanen Barno ne amma a Kano aka haife ta, kuma da goge-goge ta fara a kamfanin, ita ta gaya mana da bakinta. Ba ta ɗaga murya. Ta koya mana wanke hannu kamar ba mu taɓa ganin sabulu ba, da yadda ake riƙe tire, da gaisuwar da ba ta kai ga tambayar iyali da gajiya ba. Wani lokaci ta zama kwastoma, ta tsaya a gaban kanta tana zagina wai kazata ɗanya ce, ni kuma in ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, bari a sauya miki." Na faɗa, haƙorana a cije, amma na faɗa. A zatona wurin nan ne kaɗai zan iya faɗuwa, kuma na tsallake.

Ban lissafa da lasifika ba.

Ga yadda ake yi. Mai karɓar oda ta tambayi mutum sunansa, ta buga a kwamfuta. Sunan ya fito a allon da ke ɗaya gefen kanta, inda ake miƙa abinci. In tire ya fito daga kicin, wadda ke wurin ta danna madanni ta kira sunan, ta ce abincinka ya fito. Lasifika biyu ce, ɗaya a ciki, ɗaya a waje a jikin fal-waya, saboda direbobi sukan ba da oda su fita shan mai ko alwala.

Ranar da aka fara sa ni a wurin, abin har daɗi ya yi min. Ga sanyin esi yana dukan bayana, ga muryata tana fita tar. Na kira mutane da yawa ba gargada. Can wajen azahar tire ya fito, na ɗaga kai na duba allo, sai na ga sunan Baba.

A gidanmu ba a faɗin sunan nan. Tunda nake ban taɓa jin sa a bakin Inna ba, sai dai ta ce Malam ko babanku. Akwai ɗan maƙwabtanmu mai sunan, Mai-suna take ce masa. A makaranta na rubuta shi ba adadi a bayan nawa, in malami ya tambaya kuma na faɗa, a haɗe, da sauri, ƙasa-ƙasa. Amma wannan sunana nake faɗa. In kira mutum da shi gatsal, da ƙarfi, kamar ina kiran ƙanina ya miƙo min buta, wannan ban taɓa yi ba, ban kuma taɓa zaton wani zai nema a wurina ba. Ga shi sunan ba baƙo ba ne. Mota ɗaya in ta sauke fasinja, da wuya a rasa mai shi.

Yatsana yana kan madanni. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Ji na yi kawai bakina ya ce, "Mai sunan Baba, abincinka ya fito."

Babu wanda ya tashi. Wani dattijo da ke cin shinkafa kusa da kanta ya ɗago ya ce, "Baban wa, 'yata?" Daga kicin na jiyo 'yar Bichi ta fashe da dariya har tana buga murfin tukunya. Na sake dannawa, na sake faɗin abin da na faɗa, don taurin kai. A waje wata mota tana ta hon.

Hajiya ta zagayo ta gefena, ta janye yatsana, ta danna, ta faɗi sunan kamar ta ce ruwa. Wani mutum ya shigo a fusace daga waje, ya fizge ledarsa ya ce saura kaɗan mota ta bar shi.

A ɗakin ajiya ta same ni, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai.

"Me kika ce ɗazu?"

"Ai kin ji, Hajiya. Lasifika ce."

"Na ji. So nake ke ma ki ji."

"Sunan mahaifina ne."

"Na gane tun kafin ki rufe baki. To mutumin nan ta ina zai san sunan mahaifinki?"

Na ce, "A ba su lamba mana. A asibiti ba lamba ake bayarwa ba?"

"An gwada. Direba zai cusa takardar a aljihu ya tafi alwala, ki yi ta kiran lamba har kaza ta sandare. Mutum yana manta lambarsa. Sunansa ne ba ya mantawa."

"To in ya fito wata ta kira."

"Wace watar? In an ba ki wurin nan ke kaɗai ce a tsaye. Ba zan ɗauki ma'aikaciya ta musamman don suna ɗaya ba."

Ta gyara zaman gilashinta ta ce, "Ni ma na mahaifina yana fitowa. Na surukina ma yana fitowa, wanda ya fi nauyi. Baki ne, yana sabawa."

"Kuma kina jin daɗinsa?"

"Ban ce miki ba. Ranar Alhamis gwaji, da kwastomomi na gaske. Abin da ke kan allo shi za ki faɗa. In ba za ki iya ba ki gaya min yanzu, in ba abokiyarki, kowa ya huta."

Na ce zan iya. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne wanda ke zaune a ƙarƙashin lasifikar waje. A gefen harabar akwai bishiyar darbejiya inda matan ƙauyukanmu ke kasa tumatir da albasa na noman rani daga madatsar ruwan Watari. A cikinsu akwai Gwaggo, yayar Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi yana ƙarami, kuma har yau ba ta bari ya manta ba.

Da yamma adaidaita sahu ɗaya muka shiga, kwandonta a kan cinyata. Ta dafa gwiwata.

"Yau kin wanke min zuciya," in ji ta. "Duk matan nan sun ji. Na ce musu 'yar ƙanina ce, boko bai cinye ta ba."

"Gwaggo, faɗa aka yi min a kan abin nan."

"Su yi ta yi. Me suka sani?"

Kafin in cire takalmi ta ba Inna labari, da ƙari. Inna ta dube ni da wani irin kallo da na daɗe ban samu a wurinta ba. Sai da Gwaggo ta tafi na zauna kusa da ita tana tsintar shinkafa a faifai.

"Inna, in aiki ya ce dole sai na faɗa fa?"

"Kaza kuke sayarwa ko kunya?"

"Ai ba shi nake kira ba. Wani ne can daban, ban ma san shi ba."

"Bakinki ya san wa kike kira?" Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Suyar me ta yi miki? Ba halak kike ci ba?"

Na nuna mata hannayena. Ta duba, ta ce akwai man kaɗanya a kan taga.

Kwanakin da suka rage na yi ta gwadawa. A hanyar da ke fita daga ƙauyenmu zuwa titi nakan buɗe baki, amma a wajenmu gona tana manne da gona ne, gida yana manne da gida, duk inda ka ce babu kowa sai wani ya ɗago daga cikin kunyoyin gona ya ce sannu. Na koma gwadawa a kicin, in injin zuƙe hayaƙi yana ruri. Gaɓar farko takan fito. Sauran sai ya tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Haushin kaina ya kama ni. Ni da na taɓa gaya wa shugaban makarantarmu a gaban taro cewa rijiyarsu tana wari, ni ce kalma ɗaya ta gagara.

'Yar Bichi kuwa ta samu abin wasa. In za ta miƙo min kwandon dankali sai ta kira shi da sunan. Murfin tukunya ma sunan. Ta ce ita ubanta sunansa sai an tona, ba ta taɓa ganin mai shi ya shigo cin kaza ba.

Ana gobe gwaji ta matso kusa da ni muna yayyafa gishiri.

"Ke, babanki ya je Makka?"

"Bai je ba. Ina ruwanki?"

"To ki sa Alhaji a gaba mana, sakarya. Alhaji wane ai ba babanki ba ne. Wani mutum ne daban mai kuɗi."

Na dube ta. "Me ya sa kike gaya min? Ba ke ma wurin kike so ba?"

"Ina so mana. Amma in na ci, so nake a ce na fi ki ne, ba a ce ubanki ne ya ba ni ba."

Na gwada a hankali, da Alhaji a gaba. Ya fito, da ƙyar, amma ya fito. Duk da haka na kwana ina juya maganar, ko rami ta haƙa min.

Ranar Alhamis 'yar Bichi aka fara gwadawa da safe. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, sai dai ta tsaya hira da wani direba har layi ya taru, na ga Hajiya ta duba agogo. Ni aka ba ni lokacin cin abincin rana, lokacin da motoci ke tsayawa a jere. Hajiya ta tsaya a bayana, kusa har ina jin ƙamshin turarenta.

Duk tiren da ya fito sai gabana ya faɗi kafin in ɗaga kai. Na yi ta addu'a a zuci, Allah Ya sa duk masu sunan nan yau azumi suke. Na kira maza, na kira mata, na ba wata uwa haƙuri da ɗanta ya zubar da lemo, na sauya wa wani cinya da ƙirji ba tare da na gaya masa abin da ke raina ba. Har na fara cewa na tsira.

Sai wata doguwar mota ta sauke mutane. Tire ya fito, dankali da kaza ɗaya. Na duba allo. Ga shi nan.

Ta gilashin gaba ana hango darbejiyar. Gwaggo tana sunkuye tana jera tumatir a kwano.

Na danna. Na ce Alhaji da ƙarfi, na bi shi da sunan a guje.

Wani mutum mai babbar riga ya taso daga tebur, carbi a hannu, ya zo ya leƙa tiren.

"Wannan kuma na wa? Ni shinkafa na ce, da kaza biyu."

Na sake duba allo. Sunan sau biyu ya fito, ɗaya a kan ɗaya. Mutum biyu ne. Na biyun ne Alhajin gaske, nasa bai ma fito ba. Mai dankalin kuwa, ko waye shi, ya ji an ce Alhaji ya san ba da shi ake ba.

"Yi haƙuri Alhaji, naka yana tafe."

"To me ya sa kika tashe ni?"

Bai koma ya zauna ba, ya tsaya a gabana yana jan carbi. Wani tire ya fito a bayan na farko, wani ya biyo shi. Daga kicin aka buga ƙararrawa, alamar kanta ta cika. A waje direban doguwar motar ya fara hon.

"Abin da ke kan allo," in ji Hajiya a bayana, a hankali. "Dankali ba ya jira."

Na ji haushin Alhajin, da na direban, da na 'yar Bichi, da na wanda ya raɗa wa rabin mazan ƙasar nan suna ɗaya. Ina jin haushin ne ya danna madannin. Sunan ya fito shi kaɗai, ba Alhaji ba Malam, da irin muryar da nake korar awaki da ita daga kan shanya. Na ji shi ya fita ta lasifikar ciki, na ji ya dawo min daga ta waje.

Wani saurayi mai rigar ƙwallo ya cire abin sauraro daga kunnensa, ya zo ya ɗauki tirensa. Ko kallona bai yi ba.

Na miƙa wa Alhaji nasa. Na kira na gaba, na kira na bayansa. Sai da kanta ta yi sauƙi na yarda na kalli gilashi. Gwaggo tana tsaye, kwano a hannunta, kanta a ɗage tana kallon lasifikar da ke jikin fal-waya. Matar da ke kusa da ita tana yi mata magana, ba ta juya ba.

Da la'asar Hajiya ta kira mu mu biyu. Ta gaya wa 'yar Bichi ta rage surutu, akwai wani gurbin nan gaba. Ni ta ce, "Asabar za ki fara. Alhajin nan da kika ƙara kada in sake ji. Muryar kuma ki sassauta, kira aka ce ki yi, ba mari ba."

'Yar Bichi ta dungure min kai ta ce in na zama manaja kada in manta wa ya kusa kashe ni.

Da na fito Gwaggo ta riga ta tafi, ba ta jira mu shiga adaidaita ɗaya ba. Na san inda ta nufa.

Na tarar da Baba a ƙofar gida, ya baje injin ban-ruwansa a kan buhu yana goge fulogi. Takalman Gwaggo suna bakin zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Na yunƙura zan shige.

"An ce kin kira ni."

Na koma na durƙusa. "Ba kai ba ne, Baba."

"Waye?"

"Wani ne, fasinja."

"Ya amsa?"

"Ya amsa."

Ya hura fulogin, ya ɗaga shi yana dubawa a hasken rana. Daga cikin gida ina jiyo muryar Gwaggo tana hawa tana sauka, ta Inna kuwa ban ji ta ba sam.

"Aikin fa?"

"Sun ba ni."

"Kullum ke nan za ki dinga kira."

"In ya fito a allo."

"Yaya ta ce in hana ki."

Akwai maganganu cike da bakina, na ƙuna, da na kwas ɗin Kano, da na cewa shi da kansa ya sayar da buhunan shinkafa ya biya min jarrabawa. Na riƙe su. Gwiwoyina suka fara ciwo a kan tsakuwa. Ya mayar da fulogin, ya ɗaure shi da sifana, ya goge hannunsa da tsumma yatsa bayan yatsa.

"Lasifikar wajen nan, ba a kashe ta?"

"Ba a kashewa, Baba. Don direbobi aka sa ta."

Ya gyaɗa kai. A gidan man nan yake sayen fetur ɗin injinsa tun kafin a gina gidan abincin, duk mako sai ya je da jarkarsa a bayan keke, ya tsaya ya gaisa da yayarsa.

"To," ya ce. "Akwai masu sayarwa a galan ta hanyar Watari. Can zan dinga bi." Ya ja igiyar injin, bai tashi ba. "Shiga ki ba ta haƙuri. Kada ki yi mata bayani, haƙuri kawai."

Na shiga na ba Gwaggo haƙuri. Ba ta amsa ba. Ranar Asabar da na zo aiki da sabuwar hular aikina, na tarar ta kwashe kayanta daga gindin darbejiya ta koma tsallaken titi, inda babu inuwa.